Amaryar Fatalwa: Littattafan Matasa Masu Leƙa Bayan Mutuwa

 Filin adabi na yau zai soma da labarin wani neman aure.

A garin Malaka da ke bakin teku a ƙasar Malesiya ta yau, cikin shekarar 1893, wani uba da karayar arziki ta durƙusar ya zauna da 'yarsa budurwa wata yamma ya kawo mata magana. Gidan Lim, attajiran da babu wanda bai san su ba a garin, sun aiko suna neman ta. In ta yarda, ita da talauci sun yi hannun riga ke nan: ci da sha, suturar siliki, barori, ga gidan ubanta da bashi ya yi wa katutu zai samu ya numfasa. Sai dai angon da ake nema wa auren, Lim Tian Ching, ya yi watanni a cikin kabari.

Haka littafin The Ghost Bride ya buɗe, wato Amaryar Fatalwa, wanda Yangsze Choo, 'yar Malesiya mai tsatson Sinawa, ta fitar a 2013. Budurwar sunanta Li Lan, shekarunta 17. Tun tana ƙarama agana ta shiga gidansu ta raba ta da uwa, uban kuma ya tsira da zanen cutar a fuska, ya shige ɗaki ya rungumi littattafansa da lofen ofiyom. Li Lan ba ta amsa tayin ba, amma mamacin bai haƙura ba. Da dare ya yi sai ya shigo mata mafarki yana zawarcinta, yana nuna mata dukiyar da ya tanada. Da rana kuwa zuciyarta na wajen Tian Bai, ɗan baffan mamacin, wanda gadon gidan ya faɗo a kansa. Ana cikin haka sai mamacin ya jefa mata wata magana a mafarki: shi fa ba zazzaɓi ne ajalinsa ba kamar yadda ake faɗa a gari, kashe shi aka yi, kuma yatsansa na kan wannan Tian Bai da take so.

Ga soyayya, ga kisan da ba a san mai shi ba, ga wata duniya ta bayan mutuwa da marubuciya ta gina mata tituna da gidaje da alƙalai. Igiyoyi uku ne aka tufka wuri guda, kuma irin wannan tufka ta zama reshe mai zaman kansa a littattafan matasa na ƙasashen waje.

A Amurka da Ingila masu buga littattafai suna ware rukuni na musamman domin 'yan shekara 12 zuwa 18. Galibi ana danganta tasowarsa da 1967, shekarar da S. E. Hinton ta fitar da The Outsiders, labarin rikicin gungun samari a garin Tulsa, wanda ta soma rubutawa tana 'yar sakandare. An daɗe littattafan rukunin sun fi karkata ga matsalolin gida da makaranta. A 2005 sai Twilight na Stephenie Meyer ya fito, labarin 'yar makaranta da ta kamu da son wani mashayin jini mai siffar saurayi wanda ya haura shekara 100 bai tsufa ba. Kasuwa ta buɗe, kamfanoni suka shiga farautar duk labarin da ya haɗa budurwa da saurayin da ba ɗan Adam ba, ko wanda ba ya raye. Wani binciken kasuwa da kamfanin Bowker ya fitar a 2012 ya nuna kashi 55 cikin 100 na masu sayen littattafan matasa sun kai shekara 18 ko sun wuce, wato yayye da iyaye ma suna cikin layin saye. Shi kansa Amaryar Fatalwa a rukunin manya aka buga shi, shekarun jarumar ne suka ba shi shiga wurin matasa.

Mai karatun littattafan soyayya na Kano ya san labarin so ba ya tafiya sai da shinge. In babu uban da ya ƙeƙasa ƙasa, ko kishiya, ko tazarar arziki irin wadda Ado Ahmad Gidan Dabino ya ɗora In da So da Ƙauna a kanta, to labari ya ƙare tun shafi na goma. Marubucin Amurka na wannan zamani yana da ƙarancin irin waɗannan shingaye, domin a al'ummarsa ba kasafai ƙin uba ke hana aure ba. Mutuwa kuwa shinge ce da babu dattijon da za a tura ya je ya roƙa, babu sadakin da zai sauko da ita. Saurayi na tsaye a ɗaki, budurwa na ganin sa, amma ko inuwarsu ba za ta haɗu ba.

Ɓangaren bincike ma daga mutuwar yake tsirowa. Duk gidan makokin da aka yi rashin matashi, tambayar farko da masu gaisuwa ke yi a hankali ita ce, me ya same shi? Waɗannan marubuta sai suka ɗauki tambayar suka miƙa wa mamacin da kansa. Wanda aka kashe shi ne mai neman bakin zaren. Yana gani, yana ji, yana iya ratsa bango ya saurari abin da ake ƙullawa, amma ba ya iya ɗaga ko cokali, balle ya je ofishin 'yan sanda ya ba da shaida. Wannan sani marar iko shi ke hana mai karatu rufe littafin har a kira assalatu.

Auren da aka yi wa Li Lan tayinsa ba Choo ce ta ƙago shi ba. Tsohuwar al'ada ce a tsakanin Sinawa, suna kiran ta minghun. A tunanin gargajiyarsu, wanda ya mutu bai yi aure ba ruhinsa ba ya samun natsuwa, yana iya dawowa ya addabi dangi da ciwo ko asara. Mace kuma a gidan miji ake ajiye allon sunanta ana yi mata hadaya, don haka budurwar da ta rasu ba miji ba ta da inda za a riƙa tunawa da ita. Mafi yawan lokaci mamata biyu ake haɗawa, saurayi da budurwa, a yi biki, wani lokaci a haɗa ƙasusuwansu a kabari guda. Aurar da rayayyiya ga mamaci ya fi wuya a gani, kuma 'yar talaka ake nema, wadda za ta shiga gidan ta zauna zaman takaba har ƙarshen ranta. Gwamnatin Kwaminis da ta hau mulki a 1949 ta yaƙi al'adar, amma ba ta mutu ba a wasu ƙauyuka. A 2016 'yan sanda a arewa maso yammacin Sin sun tuhumi wani mutum da kashe mata biyu masu taɓin hankali don ya sayar da gawarwakinsu a yi irin wannan aure. Wanda ya ji wannan zai gane cewa tsoron da ke cikin littafin yana da saiwa a ƙasa.

Ba Sinawa kaɗai ba ne, ko da yake dalilan sun sha bamban. A wajen Nuwer na Sudan ta Kudu, in namiji ya mutu bai bar baya ba, ɗan'uwansa kan auri mace da sunan mamacin, 'ya'yan da aka haifa kuma a lissafa su na mamacin ne, kamar yadda masanin al'adu Evans-Pritchard ya bayyana. A Faransa kuwa doka ce a rubuce. Bayan madatsar ruwa ta Malpasset ta ɓalle a Disambar 1959 ta hallaka mutum fiye da 400 a yankin garin Fréjus, an yi dokar da ta ba mutum damar ɗaura aure da wanda suka yi alkawari ya rasu, da izinin shugaban ƙasa.

Inda Choo ta nuna gwaninta shi ne yadda ta gina lahirar labarinta. A gargajiyar Sinawa mamaci yana buƙatar abin da rayayye ke buƙata, hanyar aika masa kuma ita ce wuta. Ana ƙera gida da takarda da tsinken gora, da barori na takarda, da dawakai, da wasu kuɗi na musamman, a cinna musu wuta, a ɗauka sun isa can. Har gobe akwai shagunan da sana'arsu ke nan a Malesiya da Singafo da Hong Kong, kuma yanzu har motoci da wayoyin hannu na takarda suke yi. A wata na bakwai na kalandarsu ana bikin mayunwatan fatalwowi, waɗanda ba su da dangin da za su ƙona musu komai, a ajiye musu abinci a bakin hanya.

Choo ta ɗauki wannan imani ta tambayi kanta, in da gaske kayan suna isa, yaya garin zai kasance? Amsarta ita ce Filin Matattu, wani gari da duk abin da ke cikinsa ƙonanne ne daga duniya. Mamacin da danginsa ke da hali yana zaune a katafaren gida, barorin takarda marasa rai suna yi masa hidima. Wanda aka manta da shi yana yawo hannu rabbana. Matattu a nan jiran kira suke zuwa kotunan hisabi, amma mai kuɗi yana iya ba da toshiyar baki a jinkirta masa. Wato bambancin mai shi da marar shi, da cin hanci, sun bi mutane har can, kuma gidan Lim na ƙarƙashin ƙasa ya fi na sama lauje cikin naɗi.

Yadda Li Lan ta isa can ma abin dubawa ne. Mafarkin ya ishe ta, ta je wurin wata mai duba aka ba ta garin magani, ta sha fiye da ƙima, ta faɗi doguwar suma. Gangar jikinta na kwance a gado, tsohuwar da ta raine ta na jinya, ruhinta kuwa na yawo a titunan Malaka ba mai ganin sa. A nan ta haɗu da Er Lang, wani jami'in duniyar ruhohi mai rufe fuska da malfar gora, wanda ke binciken alƙalan lahira da suka ci hanci. Ya sa ta shiga gidan Lim na Filin Matattu a matsayin 'yar aikin kicin ta leƙo masa asiri. Lokaci kuma ba ya jiran ta. Kullum ta ƙara kwana a waje, igiyar da ta haɗa ta da jikinta na ƙara sirancewa, ga wata fatalwa mai suna Fan da ta nuna mata hanya tana haɗiyar yawu a kan wannan jiki da ke kwance ba mai shi. Shirin ba zai faɗi wanda ya kashe Tian Ching ba, ba zai kuma faɗi wanda Li Lan ta zaɓa ba, don kada a rage wa mai niyyar karantawa daɗi. A Janairun 2020 kamfanin Netflix ya fitar da labarin a fim mai kashi 6 cikin harshen Mandarin, wanda aka ɗauka a Malesiya.

Abin da ya ɗaga wannan littafi sama da tsaransa shi ne komai nasa yana da gindi. Malaka gari ne da Turawan Fotugal suka ci a 1511, na Holan suka ƙwace a 1641, Ingila ta karɓa bayan yarjejeniyar 1824, kuma Sinawan da suka daɗe a can sun gauraya da Malayawa a harshe da girki da sutura. Duk wannan yana cikin labarin, har da tsaunin Bukit China mai dubban kaburbura. In aka cire fatalwar ma, abin da ya rage labari ne da kowace mai karatu a Kano ko Damagaram za ta gane: yarinya ce ake son a biya bashin gida da ita.

Littattafan Amurka sun bi wata hanya dabam, domin marubutansu ba su da lahirar gargajiya guda da kowa ya yarda da ita, sai kowa ya ƙera tasa. Wanda ya share fagen shi ne The Lovely Bones na Alice Sebold, 2002, wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan 1. Mai ba da labarin Susie Salmon ce, 'yar shekara 14, wadda maƙwabcinsu ya yi wa fyaɗe ya kashe ranar 6 ga Disamba 1973 a wata gonar masara a jihar Fensilbaniya. Tun shafukan farko mai karatu ya san wanda ya yi, George Harvey. Abin da ake jira shi ne ko na duniya za su gano. Daga wata sama da aka ƙera daidai da burinta na yarinya, Susie na kallon ubanta yana zargin mutumin ba shi da hujja, tana kallon ƙanwarta Lindsey ta haura gidansa neman shaida, tana kallon uwarta ta kasa ɗaukar baƙin cikin ta bar gida. Tana kuma kallon Ray Singh, yaron da ya rubuta mata wasiƙar so, yana girma yana zama mutum ita tana nan a 14. 'Yan sanda ba su taɓa kama Harvey ba. Wannan ya ɓata wa masu karatu da yawa rai, amma Sebold ta yi gaskiya a nan, domin akwai gidaje da yawa da ba su taɓa ganin an hukunta wanda ya cuce su ba, kuma dole suka ci gaba da rayuwa. Littafin na manya ne, yana da wurare masu nauyi da ba su dace da ƙananan yara ba. Peter Jackson ya mai da shi fim a 2009.

Sauran a taƙaice. Meg Cabot ta fara jerin The Mediator a 2000: Suze Simon, 'yar 16 mai ganin fatalwowi, ta koma garin Carmel na Kalifoniya ta tarar da Jesse, saurayin da aka kashe a 1850, yana zaune a ɗakin da aka ba ta. A If I Stay na Gayle Forman, 2009, Mia mai kaɗa babban gogen Turawa ta yi hatsarin mota da iyayenta da ƙanenta a jihar Oregon, ta tsaya a gefen gadon asibiti tana kallon jikinta kwana ɗaya cur, tana auna ko ta bi su ko ta zauna. Wurin da ya fi taɓa zuciya a littafin na kakanta ne, wanda ya zauna kusa da ita yana hawaye ya ce yana so ta rayu, amma in tafiyar ta fi mata sauƙi ya fahimta. A You've Reached Sam na Dustin Thao, 2021, Julie ta kira lambar saurayinta da ya rasu don kawai ta ji muryarsa da ya naɗa, sai ya ɗauka. Duk wanda ya taɓa kasa goge lambar mamaci daga wayarsa ya san inda wannan labari ya samo ƙarfinsa.

Tufkar dai ta girmi Amurka nesa ba kusa ba. A Mahabharata ta Indiya, Savitri ta bi Yama, ubangijin mutuwa a addininsu, tana ja-in-ja da shi da hikima har ya sako mata ran mijinta. Wajen shekarar 1033 makahon mawaƙin nan na Sham, Abul Ala al-Ma'arri, ya rubuta Risalatul Gufran, inda ya suranta wani malami na zamaninsa mai suna Ibnul Ƙarih yana zagaya Aljanna da leƙa Wuta yana hira da mawaƙan Larabawa na dā, kusan shekara 300 kafin Dante na Italiya ya yi tasa tafiyar. A Najeriya, Amos Tutuola ya fitar da The Palm-Wine Drinkard a Landan a 1952, labarin mutumin da ya tafi Garin Matattu neman mai tatso masa bammi da ya faɗo daga bishiya ya mutu, ya samu mata a hanya, ya kuma tarar cewa wanda ya zama ɗan can ba ya komowa. Masu kallon fina-finan Indiya a ƙasar Hausa kuwa sun daɗe da sanin wannan ɗanɗano. Karan Arjun na 1995 da Om Shanti Om na 2007 duk a kan wanda aka kashe ne ya sake dawowa ya tona asirin makashinsa, kuma a na biyun fatalwar Shanti ce da kanta ta ƙarasa aikin.

A nan akwai maganar da ya wajaba a faɗa a fili. Ga Musulmi, abin da ke bayan mutuwa sha'anin aƙida ne: kwanciyar kabari, tambayar Munkar da Nakir, zaman barzahu, tashin alƙiyama, hisabi da siraɗi. Wanda ya tafi ba ya dawowa a jikin jariri, ba ya kuma zama a ɗakin wani yana jiran a gano makashinsa. Kirista ma yana da nasa tabbataccen imani. Malamai mawaƙa, tun daga zamanin Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u har zuwa Infiraji na Aliyu Namangi, sun siffanta lahira da Hausa don wa'azi da tsoratarwa, kuma a wannan mazauni jama'a suka san ta. Shi ya sa marubucin Hausa in yana son abin al'ajabi ya fi miƙa hannu wajen aljanu da bokaye, tun daga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam har zuwa labaran da matasa ke turawa juna yau a WhatsApp da Wattpad. Yaron da ya samu karatun addini zai karanta Filin Matattu kamar yadda zai karanta labarin bikin wata ƙabila mai nisa, ya ƙaru da sanin yadda wasu mutane ke tunani. Abin da ya rage wa iyaye da malamai shi ne su san abin da ke cikin wayar yaran, su tambaye su labarin, su saurara kafin su yanke hukunci. Ƙwace waya ba tare da hira ba sau da yawa ɓoyo kawai yake koyarwa.

Haɗarin da ya fi wannan girma yana wani wuri. Labarin da mamaci ke ci gaba da magana yana iya sa wa matashi mai ƙuncin rai tunanin cewa mutuwa hanya ce ta sa a saurare shi. Misalin da aka fi tattaunawa shi ne Thirteen Reasons Why na Jay Asher, 2007. Ba lahira a cikinsa, amma Hannah Baker, wadda ta kashe kanta, ta bar kaset-kaset tana lissafa waɗanda suka cuce ta, kowa na saurara yana nadama, muryarta na juya su kamar tana nan. Netflix ya fitar da fim ɗinsa a ƙarshen Maris 2017. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2019 ya gano cewa a watan Afrilun 2017 yawan kisan kai tsakanin 'yan shekara 10 zuwa 17 ya haura abin da aka yi hasashe da kusan kashi 29 cikin 100. Masu binciken sun ce alaƙa suka gani, ba su tabbatar fim ɗin ne sanadi ba, amma a Yulin 2019 Netflix ya yanke wurin da aka nuna mutuwar. Ƙaryar da ke cikin irin wannan labari ita ce ya nuna kamar wanda ya tafi zai tsaya ya ga ana kuka dominsa ya ji sanyi. Don haka matashin da ya fara yawan zancen ya gaji da duniya, ko yana cewa sai ya mutu za a san darajarsa, ba a yi masa dariya ko tsawa. A zauna da shi, a kai shi wurin likita.

Littafin da ya fi kowanne fuskantar batun mamaci mai kallon na duniya kai tsaye shi ne Elsewhere na Gabrielle Zevin, 2005, wato Wani Wuri. Liz Hall na da shekara 15, tana ɗokin cika 16 ta karɓi lasin tuƙi, wata tasi ta buge ta a kan keke direban ya gudu. Ta farka a cikin jirgin ruwa mai suna Nil, wanda ya sauke ta a wata ƙasa mai kama da duniya, da gidaje da motoci da ayyukan yi. Doka ɗaya ce ta bambanta: a can shekaru baya suke komawa. Kakarta Betty, wadda ta rasu tana da 50 kafin a haifi Liz, ita ta tarbe ta a tashar jirgi tana 'yar 34. Liz ta gane ba za ta taɓa cika 16 ba, 14 za ta koma, sannan 13.

Zevin ba ta yi wa yarinyar sassauci ba. A ƙasar akwai wasu benaye masu madubin hangen nesa, ka jefa kwabo ka kalli duniya na 'yan mintoci. Liz ta kamu da su kamar mashayi, kullum tana can tana cinye kuɗin kakarta, tana kallon iyayenta da ƙanenta da ƙawarta, tana jin haushi duk sa'ad da ta ga wani ya yi dariya. Ta bi diddigi har ta gano direban, wani mai suna Amadou Bonamy. Ta ƙudura sai ta tona shi ta wata rijiya a ƙarƙashin teku da aka haramta zuwa, inda muryar mamaci kan fito wa na duniya ta famfon ruwa. Amma kallon da ta daɗe tana yi masa ya nuna mata magidanci ne mai iyali wanda abin ke ci a rai. Da ta samu damar magana da gida, sai zancenta ya koma kan wata rigar sanyi da ta saya wa ubanta don ranar haihuwarsa ta ɓoye a ɗakinta, tana so a ciro a ba shi.

Jami'in da ya kama ta a rijiyar, Owen, shi ma ciwon ɗaya ke damun sa. Ɗan kwana-kwana ne da ya mutu yana da 26, yanzu ya koma 17, ya shafe shekaru yana leƙen matarsa da ya bari a duniya. So ya shiga tsakaninsa da Liz, sai ga matar ta rasu ta iso. Warwarar wannan ƙulli ta ci babi da yawa. Kafin nan Liz ta riga ta rage hawa benen, ta kama aikin tarbar karnukan da suka mutu tana kwantar musu da hankali, ta koyi tuƙin da ta yi ta buri.

Bayan shekaru Amadou ma ya rasu, jirgin ya kawo shi. Ya nemi Liz ya same ta ta koma 'yar ƙaramar yarinya, ya tsaya gabanta ya faɗi abin da ya aikata, ita kuma ta shaida masa ta daɗe da yafewa. Daga nan ta ci gaba da ƙanƙancewa, karatu ya kuɓuce mata, magana ta bi baya, har ranar da aka naɗe ta cikin zane tana jaririya aka sa ta a kogin da ke komawa duniya, waɗanda suka san ta suna tsaye a gaɓa.

A nan filin na yau ya tsaya.